Wa ya kamata ya nemi wani, hukumar zaɓe ko mai zaɓe?

Tambaya: Malam, ina aiki da wata ƙungiya mai wayar da kan jama'a game da zaɓe. Duk kakar zaɓe muna yin shela a rediyo, mu buga fosta, mu shirya taruka, amma idan an gama sai mu ga waɗanda suka saba fitowa su ne dai suka fito. Matan karkara, masu buƙata ta musamman, 'yan gudun hijira, matasa da ƙananan ƙabilu suna nan inda suke. Ba su damu ba ne, ko mu ne ba mu iya aikin ba? Me aka gwada a duniya ya yi amfani?

Amsa: Malama, ki fara ajiye zancen "ba su damu ba" a gefe. Akwai waɗanda ba su damu ba, ba na musu, amma ba na jin su ne suka fi yawa a cikin mutanen da kika lissafa. Ki duba abin da ake nema daga mutum kafin ƙuri'arsa ta shiga akwati. Sai sunansa ya shiga rajista. Sai ya mallaki takardar da za ta nuna shi ne. Sai ya san rana da wuri, ya samu abin da zai kai shi, ya samu wanda zai bar wa yara ko dabbobi ko sana'a, ya jure layi, ya gane takardar da aka miƙa masa, ya dangwala ba tare da wani na tsaye a kansa ba. A kowane mataki mutane suna zubewa, kuma kusan mutanen nan ne dai suke zubewa kullum. Shela da fosta mataki ɗaya suke gyarawa, wato sanin rana da wuri. Sauran suna nan yadda suke, kuma yawancinsu ba a hannun mai zaɓe suke ba, a hannun hukuma suke. Ra'ayina ke nan a taƙaice: hukuma ce ya kamata ta tashi ta nemi mai zaɓe, aikin ƙungiya irin taku kuma shi ne ku gano inda ake zubewa, ku matsa a gyara.

Babu inda ya fi nuna haka kamar jihar Misisipi a Amurka. Tun 1870 kundin tsarin mulkin ƙasar ya haramta hana mutum zaɓe saboda launin fata. Duk da haka, a 1964 baƙaƙen fatar jihar da ke cikin rajista ba su kai kashi 7 cikin ɗari ba, kuma masu mulki suna cewa ai ba sa sha'awar siyasa. Abin da ke faruwa a zahiri shi ne, mutum zai je ofishin rajista a ce ya biya harajin ƙuri'a, sannan magatakarda ya zaɓo wani sashe na tsarin mulkin jihar ya ce ya karanta ya yi fashin baƙi, shi magatakardan kuma shi ne alƙalin da zai ce an ci ko an faɗi. Ana buga sunayen masu neman rajista a jarida, mai gona ko mai gidan haya ya gani ya kore ka. Bayan dukan da 'yan sanda suka yi wa masu tattakin neman 'yancin zaɓe a garin Selma na jihar Alabama ranar 7 ga Maris 1965, Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu kan dokar 'yancin zaɓe a watan Agusta na shekarar. Dokar ta dakatar da jarrabawar, ta kuma ba gwamnatin tarayya ikon tura nata jami'an su yi rajista da kansu. Zuwa 1967 adadin ya kusa kashi 60. Mutanen da aka ce ba su damu ba ne suka cika layi da zarar an ɗauke magatakardan daga hanya.

Saboda haka rajista ce wuri na farko da zan so ki sa ido. Tambayar ita ce, nauyin wa ne? A wasu ƙasashe an ɗora wa ɗan ƙasa: ya nemo ofis, ya je cikin ranakun aiki, kafin a rufe. A wasu kuma hukuma ce take bi gida-gida. Indiya ta bi hanya ta biyu tun zaɓenta na farko na 1951 zuwa 1952, ƙarƙashin shugaban hukumar zaɓe Sukumar Sen. Masu zaɓe sun haura miliyan 170, mafi yawansu ba sa karatu, ga duwatsu ga dazuzzuka, amma ma'aikata suka shiga ƙauye-ƙauye suna rubuta sunaye. Sai aka ci karo da abin da ba a yi tsammani ba. Mata da yawa, musamman a arewacin ƙasar, ba su yarda su faɗa wa baƙon namiji sunansu ba, sai aka rubuta su a matsayin "matar wane" ko "'yar wane". Sen ya ce ba zai karɓi rajista irin wannan ba, aka ba da ƙarin lokaci a gyara, daga ƙarshe aka cire mata kusan miliyan 2.8 daga kundin. Hukuncin yana da zafi, kuma matan nan ba su yi laifin komai ba. Abin da ya koya wa hukumar shi ne, zuwa ƙofar gida bai wadatar ba, sai wanda ya je ya kasance wanda za a bari ya shiga, a kuma sake da shi. An daɗe ana wannan gyara, da ma'aikata mata da layin mata daban a rumfuna, har a zaɓen 2019 kason matan da suka fito ya ɗara na maza da kaɗan.

Kada ki ɗauka wannan matsalar ƙasashe matalauta ce. A Faransa, gabanin zaɓen 2012, wasu masu bincike sun tura mutane gidajen waɗanda ba su yi rajista ba. Wasu gidajen bayani kawai aka yi musu, wasu kuma aka cika musu takardun nan take a ƙofar gida. Waɗanda suka shigo rajista ta wannan hanya sun fi zama matasa, masu ƙarancin karatu, da waɗanda asalinsu baƙi ne, kuma fiye da kashi 90 cikinsu sun kaɗa ƙuri'a aƙalla sau ɗaya a shekarar. Ashe cika fom ne ya tsare su. Irin wannan tunani ne ya sa jihar Oregon a Amurka ta fara rajista kai tsaye a 2016: duk ɗan ƙasar da ya je neman lasisin tuƙi ana shigar da shi, sai in shi ne ya ce ba ya so. Sai dai ki lura da ƙasar Cile. A 2012 ta sa kowa a rajista kai tsaye, amma a lokaci guda ta soke tilascin fitowa zaɓe, sai fitowar ta faɗi ƙasa da rabi, har suka dawo da tilascin a 2022. Samun suna a kundi sharaɗi ne, amma ba shi ne ƙarshen aiki ba.

Batun katin shaida ya fi kowanne tada jijiyar wuya, don haka bari in faɗi matsayina. Ba na adawa da a tantance mai zaɓe. Zaɓen da mutane ba su yarda da shi ba, shi ma yana korar masu zaɓe. Amma wanda ya ce sai da kati, dole ya fara raba katin, kyauta, a inda mutane suke, kafin ya fara tambaya. Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a 2021 kusan mutum miliyan 850 a duniya ba su da wata takardar shaida ta hukuma, kuma ba sai an faɗa miki su wane ne ba: wanda aka haifa a gida ba a yi masa takardar haihuwa ba, makiyayin da ba shi da adireshi, matar da sunanta ya canza bayan aure, ɗan gudun hijirar da takardunsa suka ƙone tare da gidansa. Ko a Ingila, da aka fara neman kati mai hoto a zaɓen ƙananan hukumomi na Mayun 2023, hukumar zaɓen ta ce kusan mutum 14,000 aka mayar kuma ba su dawo ba. Wannan lissafin waɗanda suka kai gaban teburin jami'i ne kawai. Wanda ya ji labari ya zauna a gida ba ya cikin lissafin kowa.

Nisa da lokaci ba sa buƙatar dogon bayani. Ƙa'idar Indiya ita ce kada mai zaɓe ya yi tafiyar da ta wuce kilomita 2, kuma suna ɗaukar abin da gaske: a 2019 tawagar jami'ai ta bi duwatsu da ƙafa zuwa ƙauyen Malogam a jihar Arunachal Pradesh saboda mace ɗaya tak. Ostireliya tana yin zaɓe ranar Asabar, tana buɗe rumfuna tun kafin ranar, tana kuma tura tawagogi da mota da jirgi zuwa ƙauyukan 'yan asalin ƙasar da ke nesa. Mai albashi idan ya yi wuni a layi, albashinsa na nan. Mai aikin jinga ko mai talla idan ya yi wuni a layi, abincin ranar ya tafi. Duk rumfar da aka bari ta cika maƙil, ko aka makara buɗewa, haraji ce da talaka kaɗai ke biya.

Inda nake so ki ɗan tsaya shi ne takardar ƙuri'ar kanta, domin nan ne aka fi mantawa. Birazil ta ba waɗanda ba sa karatu da rubutu 'yancin zaɓe a 1985. Amma a zaɓen 'yan majalisa, sai mutum ya rubuta sunan ɗan takara ko lambarsa da hannunsa. Ki yi tunanin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba: ta yi tafiya, ta bi layi, an ba ta takarda, ta yi iya ƙoƙarinta, ta jefa, ta koma gida tana murna ta yi zaɓe, alhali a wurin ƙidaya an jefa takardarta cikin lalatattu. A wancan lokacin, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na ƙuri'un 'yan majalisa kan tafi a lalace ko babu komai a kansu. Sai aka kawo na'ura a 1996. Mai zaɓe zai danna lambar ɗan takara kamar yana kiran waya, hoton mutumin ya fito, in shi ne sai ya danna koren maɓalli, in ba shi ba ne ya goge ya sake. A zaɓen 1998 ba a samu na'urorin da za su ishi ko'ina ba, sai aka ce garuruwan da masu zaɓensu suka haura 40,500 su yi da na'ura, sauran su yi da takarda. Masanin tattalin arziki Thomas Fujiwara ya kwatanta garuruwan da suka ɗan haura wannan adadi da waɗanda suka ɗan gaza, ya ga ƙuri'un da suka shiga lissafi sun ƙaru da fiye da kashi 10 a inda aka yi da na'ura, musamman inda rashin karatu ya fi yawa. Abin da ya biyo baya shi ya fi taɓa ni. Da ƙuri'un talakawa suka fara shiga lissafi, jihohi suka ƙara kuɗin da suke sa wa kiwon lafiya, matan da ba su yi karatu ba suka ƙara samun zuwa awon ciki, jariran da ake haifa ba su kai nauyi ba suka ragu. Waɗannan mata sun daɗe suna fitowa zaɓe. Ƙidaya su ne ba a yi.

Ba na'ura nake tallata miki ba. Gambiya ta magance matsala iri ɗaya ba tare da lantarki ba: ana ba mutum ɗan dutsen gilashi guda ɗaya, ya shiga bayan labule, ya jefa a gangar da ke ɗauke da launin jam'iyya da hoton ɗan takararsa, ƙararrawa ta kaɗa sau ɗaya jami'i ya san an jefa ɗaya. Da wuya ƙuri'a ta lalace a irin wannan tsari. Zaɓe ta intanet kuwa, wanda ƙasar Istoniya ke yi tun 2005, yana da daɗi ga mai kwamfuta, amma bai magance matsalar mutanen da kike magana a kansu ba. Masana sun daɗe da lura cewa sauƙaƙe-sauƙaƙe da yawa, irin su zaɓe ta gidan waya, waɗanda dama suke fitowa ne suka fi cin moriyarsu.

Game da masu buƙata ta musamman, ki fara da kayan aikinku. Kurma ba ya jin shelar rediyo, makaho ba ya ganin fosta. A rumfa kuma, na sha ganin makaho ya zo da wuri, aka ja shi gaban layi don girmamawa, sannan jami'i ya tambaye shi da ƙarfi wa zai zaɓa, wakilan jam'iyyu na tsaye suna ji. An kyautata masa, amma an ƙwace masa sirri, kuma gobe zai zauna da maƙwabcin da ya ji amsarsa. Sashe na 29 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, ta 2006, ya tanadi zaɓe a asirce da kuma haƙƙin mutum ya zaɓi mai taimaka masa da kansa. Abubuwan da ake buƙata ba su da tsada: wani ɗan kwali mai ramuka da rubutun makafi da ake ɗorawa kan takardar ƙuri'a, rumfa a ƙasa ba a bene ba, teburin da mai keken guragu zai iya kaiwa, mai fassara da hannu a bayanan talabijin, da jami'in da aka koya wa ya yi magana da mutumin ba da ɗan rakiyarsa ba. Harshe ma haka. Amurka ta ƙara wa dokarta gyara a 1975 wanda ya tilasta buga kayan zaɓe da harsunan tsiraru a inda suke da yawa.

To, sai aikinku na jan hankali. A 1998 Alan Gerber da Donald Green sun yi wani gwaji a birnin New Haven na Amurka: wasu mutane aka kira su ta waya, wasu aka aika musu wasiƙa, wasu aka je musu har gida. Kiran waya bai yi komai ba, wasiƙa ta ɗan motsa, amma magana baki da baki a ƙofar gida ta ƙara fitowa da kusan kashi 8. An maimaita irin wannan gwaji a wurare da dama, kuma hanyar gaba da gaba ce ke kan gaba. Sai dai akwai gargaɗi. Da aka sake nazarin gwaje-gwajen nan, an ga yawancinsu sun fi tasiri kan wanda dama yana dab da fitowa, har tazara tsakanin masu fitowa da marasa fitowa kan ƙaru. Dalili a fili yake. Ma'aikaci yana bin jerin sunayen da ke rajista, yana shiga unguwar da mota ke shiga, yana tarar da wanda ke gida da rana. Idan ba ku zauna kun tsara da gangan cewa unguwa kaza da rukuni kaza za ku bi ba, ƙafa da kanta za ta kai ku wurin masu sauƙin samu. Masu zuwa kuma su kasance 'yan cikin al'ummar: mace ga mata, kurma ga kurame, ɗan sansanin gudun hijira ga 'yan sansanin.

Akwai wani gwaji daga Lahore a Pakistan, gabanin zaɓen 2018, da ya kamata duk mai aiki kan mata ya sani. A gidajen da aka yi wa mata kaɗai magana, fitowarsu ba ta canza ba. A gidajen da aka yi wa mazan gidan magana kan muhimmancin matansu su fita, fitowar matan ta ƙaru, kuma ta fi ƙaruwa inda aka yi wa duka biyun. Matan ba bayani suka rasa ba. Izini da abin hawa da ɗan rakiya suna hannun wani. Wannan gaskiya ce marar daɗi, amma wanda ya ƙi kallonta zai yi ta tara mata a zaure yana faɗa musu abin da suka riga suka sani. Pakistan ta ƙara da doka: tun 2017, idan ƙuri'un mata a mazaɓa ba su kai kashi 10 na jimillar ƙuri'un ba, hukumar zaɓe na iya soke sakamakon, kuma a 2018 ta soke na wata mazaɓa a yankin Shangla aka sake. Ɗan takarar da a da yake zama da abokin hamayyarsa su shirya kada mata su fito, yanzu shi ne zai nemo musu mota.

Har yanzu akwai waɗanda doka da kanta ta rufe wa ƙofa, kuma bai daɗe ba da hakan ya shafi rabin al'umma: matan Siwizalan sai a 1971 suka samu zaɓen tarayya, matan Arewacin Nijeriya sai a 1976. Yau maganar ta fi komawa kan fursunoni, har da waɗanda ke jiran shari'a ba a same su da laifi ba. Kotun tsarin mulkin Afirka ta Kudu a 1999 da kotun ƙolin Kanada a 2002 duk sun tsaya musu. A jihar Filorida ta Amurka, masu zaɓe sun amince a 2018 a mayar wa mafi yawan waɗanda suka gama zaman kaso 'yancinsu na zaɓe, sai majalisar jihar ta zo a 2019 ta ce sai sun biya duk tara da kuɗin kotu tukuna. Haka kotun ƙolin Amurka a 2013 ta rushe wani ginshiƙi na dokar 1965. Abin da aka samu yana iya suɓucewa idan an daina tsaro.

Tilasta zaɓe fa? Ostireliya ta kawo shi a 1924, fitowa ta tashi daga ƙasa da kashi 60 a 1922 zuwa sama da 90 a 1925. Amma yana aiki a can ne domin hukuma ta ɗauki nauyin kai akwati ga kowa. A ce za a ci tarar wanda rumfarsa ke nisan wuni guda, zalunci ne.

Za ku haɗu da wanda zai ce muku, "Na yi zaɓe sau nawa, me na gani?" Kada ku ɗauke shi jahili, lissafi yake yi. Amsarsa tana wurin 'yan takarar da ke kan takardar ƙuri'a. Indiya ta ware wa mata kashi ɗaya bisa uku na kujerun majalisun ƙauyuka tun 1993, kuma binciken Raghabendra Chattopadhyay da Esther Duflo a jihohin Bengal ta Yamma da Rajasthan ya nuna ƙauyukan da mace ke shugabanta sun fi kashe kuɗi kan ruwan sha, abin da matan wurin suka fi kuka a kai. Don haka kada aikinku ya tsaya a ranar zaɓe. Ku shiga tun lokacin da jam'iyyu ke tsayar da 'yan takara, ku kuma mayar da kaso mai tsoka na kuɗinku daga watan ƙarshe zuwa lokacin rajista.

Bayan zaɓe mai zuwa, kada ku tambayi mutum nawa suka fito. Ku ɗauki unguwanni biyu ko uku, ku koma gidajen waɗanda ba su je ba, ku tambayi kowa a ina ya tsaya: ba ya rajista ne, katin ne bai fito ba, nisa ne, an hana shi ne, ko ya je ya ga layi ya juya? Ku rubuta amsoshin rumfa-rumfa, mata daban, masu naƙasa daban, ku kai wa hukumar zaɓe da 'yan majalisar yankin tun kafin a fara tsara kasafin zaɓe na gaba, ku nemi a ba ku amsa a rubuce kan kowace rumfa.